Yadda Ake Neman Kundin Manyan Laifuffuka a Kotunan Gundumomin Amurka

A ƙasar Amurka, inda jihohi suka kasu zuwa gundumomi sama da 3,000, laifin da hukuncinsa ya zarce ɗaurin shekara guda, kamar kisan kai ko fashi da makami, galibi a kotun gundumar da aka aikata shi ake shari'arsa, kuma magatakardan wannan kotu shi ne amintaccen da ke ajiye takardar tuhuma da hukuncin alƙali. Tun 1978 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da cewa asali jama'a suna da haƙƙin duba takardun shari'a. Saboda haka mai nema, ko ya je da ƙafarsa ko ya bi ta shafin kotun a intanet, lambar ƙara yake buƙata, in babu ita sai cikakken suna da ranar haihuwa. Shari'o'in gwamnatin tarayya kuwa suna cikin tsarin intanet mai suna PACER, inda kowane shafi yake cin santi 10.

Amma abin da ya fi damuna shi ne haɗarin kamanceceniyar suna, domin mutum biyu kan yi suna ɗaya a gunduma ɗaya, alhali tuhuma ba hukunci ba ce, kuma wanda aka wanke yana nan cikin kundi tare da wanda aka ɗaure. Wajibi ne mai bincike ya karanta har ƙarshen ƙarar kafin ya shafa wa bawan Allah baƙin fenti. Takardun yara ƙanana, da waɗanda alƙali ya yi umarni a rufe ko a shafe, galibi ba a buɗe su ga jama'a sai da izinin kotu.