Amsoshin Takardunku: Wane Goron Sallah Ya Dace Da Mai Zane?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Kasuwar Litinin ta Kakuri. Ya ce yana da ɗa ɗan shekara 15 wanda ba shi da aiki sai zane-zane, har bangon zaure bai tsira ba. Ga Sallah ta gabato, kuɗin hannunsa kaɗan ne, yana so ya san abin da zai saya wa yaron, ko kuwa ma ya hana shi, kada ya tashi ba sana'a.

To Malam, mun gode da takardarka. Mu fara da tsoron da ke ranka. Ka ɗauki takardar Naira 20 ka juya bayanta, za ka ga wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane a ƙauyensu kafin ta shiga makarantar tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tukwanenta sun je Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. A nan Kakuri ma, lokacin da masaƙu ke tashe, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 zuwa UNTL mai buga atamfa, duk furen da ka gani a jikin zane hannun mutum ne ya fara zana shi a takarda, albashi kuma ake biyansa. Gaskiya ne KTL ta tsaya tun 2002, injin kwamfuta kuma ya ƙwace wa masu rubuta allon shago aiki mai yawa. Amma injin ma sai an samu mai ido ya tsara masa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da zane. Saboda haka a ganina kada ka hana shi. Batun zana abu mai rai kuwa, malamai sun yi maganganu a kai, sai ka tuntuɓi malaminka. Itatuwa da gidaje da zayyana fili ne mai faɗi.

Dangane da kyauta, mai sana'ar hannu ba abin da ke faranta masa rai kamar kayan aiki, don kullum cikin ƙarewa suke. Riga ta Sallah ɗaya ce, fensir kuwa sai ya kai yaro wata uku. Idan ka ƙetare gada ka shiga kantin littattafai a cikin gari, kada ka ce a ba ka fensir kawai. Duba jikinsa, akwai harafi. Mai H tauri gare shi, rubutunsa fari-fari. Mai B taushi gare shi, shi ke ba da baƙi da inuwa. Ka ce a ba ka 2B da 4B da 6B, ka haɗa da magogi da littafin zane mai takarda mai kauri, wanda ba layi a cikinsa.

Wajen fenti ne mutane kan yi asara. Za a nuna maka akwati mai launi 24, ya yi kyau a ido, alhali rabinsa zai bushe ba a taɓa ba, balle da hunturu. Launi biyar sun isa: ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi. Shuɗi da rawaya in sun haɗu su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan goro, yaro kuma ya koyi haɗi da hannunsa. Ga mai koyo fentin ruwa ya fi, don na mai yana da tsada, yana kwanaki bai bushe ba, ƙura ta bi ta manne masa. Burushi biyu masu kyau, ƙarami da matsakaici, sun fi goma masu zubar da gashi. In kuɗi sun rage, ka yanko masa yadi biyu na akoko, kafinta ya haɗa masa katako huɗu, a ɗaure a shafe da farin fenti. Allon zane ke nan.

Daɗa ku manoma da ke saurarenmu, wata kyautar ma ba sai kun je kanti ba, tana gonarku. Alaramma mai zayyanar allon sauka, ƙaro yake nema na haɗa tawada, da gamba mai ƙwari ta feƙe alƙalami. Mai zanen ƙwarya, kai mata duma wanda ya ƙosa ya bushe sarai, marar tabo. Marini yana son baba, majemi yana son bagaruwa. In Babbar Sallah ce kuwa, ga fatar layya. Malamai sun hana mai layya sayar da ita, amma ba su hana kyautarta ba. Sai dai a yi fiɗa a hankali, don wuƙa in ta huda fata ta rage mata daraja, a kuma sa gishiri tun ranar, a shanya a inuwa. Baduku da ya samu irin wannan ba zai manta da kai ba. Maƙwabcinka Kirista ma, ko a Barnawa yake ko Narayi ko Sabon Tasha, in ɗansa na zane, wannan lissafin duka ya hau kansa ranar Kirsimeti.

Akwai kuma wanda ba ya zane, amma yana son abu mai kyau. Shi sai a nema masa aikin hannu daga wurin wanda ya yi shi: hula ɗinkin hannu, ko faifai, ko tukunyar Gwari, ko allon zayyana. Kyauta ɗaya ta zama biyu ke nan, don mai sana'ar ma ya yi Sallah. A nan ina da ƙorafi a kanku 'yan kasuwa. Kai da ba ka yarda a taya maka buhun masara da wulaƙanci, sai ka tsaya kan hular da aka yi mako biyu ana ɗinki kana taya ta kamar ta inji. Ka tambaye shi kwana nawa ta ci masa kafin ka buɗe baki. A kuma ba da aiki da wuri. Mai son aska takwas a wuyan riga ba ya zuwa ana jibi Sallah.

Abu ɗaya ne zan ja kunne a kai. Wani lokaci manomi ko mai haƙar ma'adini kan tono kan mutum-mutumi na yumɓu a ƙasar Jaba da kewayenta, irin na Nok, masu shekara fiye da 2,000. Kada wani ya tallata maka, kada ka saya don kyauta. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikinsu, wanda ya tsinta hukuma zai sanar. In kana so yaronka ya ga irinsu, ranar yawon Sallah ka ɗauke shi zuwa gidan tarihi da ke kan titin Ali Akilu, ya tafi da littafinsa da fensirinsa, ka ba shi awa guda ya zauna ya zana abin da ya gani.