Da tsohuwar zuma ake magani: Yadda kaset ya ceto saƙonnin Gmail

A ƙarshen watan Fabrairun 2011, dubban masu amfani da Gmail sun buɗe akwatin saƙonninsu suka tarar da shi wayam. Wasiƙun shekara da shekaru sun ɓace.

Kamfanin Google ya ce matsalar ta shafi kimanin kashi 0.02 cikin 100 na masu amfani da Gmail. Wani gyara da aka yi wa manhajar adana bayanai ne ya zo da kuskure, kuskuren kuma ya bi kwafin saƙonnin da ke cibiyoyin kamfanin daban-daban ya goge su.

Abin da ya fitar da kamfanin kunya shi ne kaset, ɗan'uwan wanda aka saba jin wa'azi da waƙa da shi a da, sai dai wannan bayanan kwamfuta ake naɗa a kansa.

Sirrinsa shi ne, da zarar an zare shi daga na'ura an ajiye, ya rabu da intanet da duk wata kwamfuta. Kuskuren manhaja ba ya isa gare shi, haka ma masu kutsen da ke kulle bayanan kamfanoni su nemi kuɗin fansa.

Yadda ake aikin

Manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan bankuna, asibitoci da jami'o'i su ake kira saba. A tsarin da aka fi bi, akan kwafe duk fayilolin da ke cikin saba zuwa kaset sau ɗaya a mako, sannan kowane dare a kwafi waɗanda suka canza kaɗai. Wasu kaset ɗin kuma a kai su wani gini daban, saboda gobara ko ambaliya.

In asara ta auku, sai a fara mayar da cikakken kwafin, a bi shi da na kowane dare bi da bi. In ɗaya ya lalace a tsakiya, aikin ya samu giɓi.

Kaset ba ya gaggawa, domin sai an juya zarensa an kai inda fayil yake. Shi ya sa aka ɗauki kwanaki kafin saƙonnin Gmail su gama dawowa.

Duk da haka bai tsufa ba. Tun 1952 kamfanin IBM ya fito da na'urarsa ta kaset. Samfurin LTO na farko, wanda ya fito a 2000, gigabayit 100 yake ɗauka, amma LTO-9 na 2021 yana cin terabayit 18, ninki 180 ke nan. Ga arha, kuma ba ya shan wuta in yana ajiye. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva har yau a kan kaset take taskance bayananta.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Sai dai mallakar kaset kaɗai ba ta isa ba. A 1998, ana tsaka da shirya fim ɗin Toy Story 2, wani umarnin gogewa da aka bayar bisa kuskure ya share mafi yawan aikin daga sabar kamfanin Pixar. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka ga ashe ya daɗe da samun tangarɗa ba wanda ya lura.

An yi sa'a Galyn Susman, ɗaya daga cikin jagororin aikin, tana jego a lokacin, tana aiki daga gida, kuma akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Da shi aka farfaɗo da aikin.

Duka kamfanonin biyu sun yi ajiya, amma na ɗaya ne kawai ya amsa kira ranar buƙata. Shi ya sa masu kula da saba kan ware lokaci su ɗauko kaset su gwada mayar da fayiloli tun ana zaune lafiya.