Yadda Cinikin Ƙaramar Sallah Ke Tafiya a Kasuwannin Kano

Wannan bayani ne a kan cinikin Ƙaramar Sallah, musamman saboda sababbin shiga da yaran shago da aka sallama suka fara cin gashin kansu, don mutum ya san lokacin da zai sari kaya da lokacin da zai riƙe kuɗinsa.

Ku sani cinikin Sallah ba rana ɗaya yake zuwa wa kowa ba, bi da bi yake yi. Masu sayar da sari su ke fara gani. Tun cikin watan Sha'aban za ka tarar Kantin Kwari ta cika da baƙi, mutanen Maraɗi da Damagaram da Agadas, da na Maiduguri da Yola, har na Chadi da Kamaru, kowa na ɗaure dila ana kai masa tasha. Su dole su yi sammako, domin sai kaya ya isa garinsu, sannan mai sayen ɗai-ɗai ya saya, sannan tela ya ɗinka. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa Kwari. An gani sa'ad da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, don sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren, lokacin azumi ya riga ya kama.

Da an ga wata, sai ciniki ya koma hannun masu yanka yadi da masu sayar da turmi ɗai-ɗai. Magidanci zai zo da lissafinsa a ka: turmin atamfa yadi 6 na uwargida, kaftani da wando yadi 5, in da babbar riga ne yadi 10, ga na yara, ga kayan Sallar budurwa in akwai ɗan da ke neman aure. A cikin goman farko kuma masu hali ke sayen na rabo, dila guda ko fiye, su raba wa ma'aikata da maƙwabta da marayu. Wanda ke da irin wannan kwastoma, to kada ya jira ya zo. Ya bi shi gida tun kafin azumi.

Yanzu ga inda maganar take, wato wajen tela. Duk yadin da za a sa ran Idi sai ya bi ta ƙarƙashin allura, keke kuwa ba ya ƙara gudu don Sallah ta matso. Tela zai yanka, ya kai wa mai aikin wuya, ya karɓo, ya haɗa, ya sa maɓalli, a kai wa mai guga, in shadda ce a kai wa 'yan bugu. Kowane ɗaya a cikinsu layi ne a gabansa. Ga rashin wuta, ga janareta na shan mai, man kuwa tun da aka janye tallafi a Mayu 2023 ya shiga cikin kuɗin ɗinki. Saboda haka tela mai tsoron Allah, da azumi ya raba tsakiya sai ya ce ya rufe karɓa. Wanda bai iya cewa a'a ba shi ne za ka gani daren Sallah ya kulle shago da kwaɗo ta waje yana ciki, mutane na buga ƙofa. Ana yawan zagin teloli da saɓa alkawari, kuma wasu sun cancanta, amma a ganina wanda ya kai ɗinki ran 25 ga azumi ya matsa sai an karɓa, shi ma yana da nasa kason.

Abin da wannan ke nufi ga mai sayar da yadi shi ne, ranar da teloli suka rufe karɓa, ranar kasuwarsa ta fara sanyi, ko da kuwa layi cike yake da mutane. Kada cinkoso ya ruɗe ka ka koma sari da tsada. Mutanen goman ƙarshe ɗinkakku suke nema, da huluna da takalma da mayafai da kayan yara, su ne ke cika Sabon Gari da Ƙofar Wambai. Daga nan sai masu hatsi, saboda zakkar fid-da-kai, mudun Annabi 4 a kan kowane mutum. Kwana biyu ko uku na ƙarshe na masu kaji ne da kayan miya da mai da fulawa, da masu kitso da lalle da aski.

Sai a duba lokacin da Sallah ta faɗo, domin kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. A 1975 cikin Oktoba aka yi ta, da kaka, manomi ya fara ganin amfani, ma'aikaci kuma ga kuɗin Udoji a aljihu. A 2023 kuwa ran 21 ga Afrilu ce, a 2024 ran 10 ga Afrilu, a 2025 ran 30 ga Maris. Wato ta shigo bazara, rumbu ya yi ƙasa, mutumin ƙauye na tunanin taki da iri. Mai dogaro da cinikin ƙauye ya sa wannan a lissafinsa, ya fi ba da ƙarfi ga mai sauƙin kuɗi.

Farashi kuma yanzu dala ke ja. Da can ana samun atamfar Kaduna, amma KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, yawancin abin da ke kan kanta daga Sin yake zuwa, banda Holan da shaddar Getzner ta Ostiriya da masu ƙarfi ke saye. Don haka kafin ka sayar da kwantan bara a tsohon farashi, tambayi nawa za ka mayar da shi yau. Da yawa sun yi murnar ciniki, da suka koma sari sai kuɗin turmi 10 ya sayo 8.

Game da aiki a shago, wannan wata ne na wahala. Yaro na tsaye tun hantsi da azumi a bakinsa, ga zafi, yana warware turmi yana ninkewa, mai saye ya sa a sauke goma ya tafi bai ɗauki ko ɗaya ba. Maigida ya raba aiki: mai karɓar kuɗi daban, mai nuna kaya daban, ɗaya kuma idonsa na bakin ƙofa, don ɓarayi ma lokacin kasuwarsu ke nan. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane sun saba da tura kuɗi ta waya, to kada a saki kaya don an nuna maka saƙo a wayar mai saye, sai ka gani a asusunka. Ɗan dako a biya shi nan take. Dillali a yanke la'adarsa kafin a ɗaure kaya, ba bayan baƙo ya tafi ba. Kayan Sallar yaran shago kuwa a ba su da wuri, su ma tela za su kai wa.

Saura bashi. Mai cewa "sai bayan Sallah" a rubuta sunansa da ranar biya a gabansa, da shaida. Bayan Hawan Daushe da Hawan Nassarawa kasuwar yadi kan kwanta, tsakanin Sallar nan da Babba kuwa wata biyu ne da kwana 10, kuma kuɗin magidanci a lokacin wajen rago ya nufa.