Idan an toshe ashar a fim, me za ka rubuta a ƙasa?

Yau darasinmu na masu rubutun ƙasan bidiyo ne, wato sabtaitil.

Kana cikin aiki sai ɗan wasa ya ɗura ashar, amma an danne kalmar da ƙarar nan "tiiit". Ka san abin da ya faɗa, ko daga motsin bakinsa ma. To, kar ka rubuta ta. Abin da kunne ya ji shi ido zai gani. Kuma kar ka share wurin gaba ɗaya kamar ba a ce komai ba, domin kurman da ke bin rubutun yana da haƙƙin ya san ran mutumin nan ya ɓaci. Sa taurari (*) a gurbin kalmar. Alamar zarce (...) ba ta dace ba a nan, mai karatu zai zaci maganar ce aka katse.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne nahawu. Yawancin zaginmu a kan mallaka aka gina shi: ɗan kaza, 'yar kaza. Kalmar da aka toshe kaɗai za ka ɓoye, ka bar sauran. Rubuta "ɗan *" ko "'yar *", don a gane namiji ake zagi ko mace. Na taɓa ganin wanda ya mayar da jimla sukutum taurari, har ba a san wa ke faɗa da wa ba.

Idan za ka bar harafin farko, tuna cewa sh da ts kowannensu baƙi ɗaya ne a Hausa. "Shege" zai zama sh*, ba s* ba. Haka ƙugiya: ɗ ba d ba ce, ƙ ba k ba ce.

Kar kuma ka sakar wa manhaja aikin. YouTube kan sa [ __ ] da kanta a rubutun Turanci, amma mu namu ya fi wuya. "Uwarka ta zo" saƙo ne, "Uwarka!" kuwa faɗa ne. Kalma ɗaya, sai muhalli ya raba su.

Wanda kuma ya ce "kaza-kazanka" da bakinsa, ya riga ya tace kansa. Rubuta masa yadda ya faɗa, har da karan ɗorin.