Ko Kun Sani? Ganye Ma Yana Da 'Yan Kwana-kwana

Idan rana ta take, ƙasa ta bushe, shuka takan toshe 'yan ƙofofin da ke jikin ganyenta don kada ruwa ya tsere. Amma hasken rana bai fasa zuba ba. Ƙarfin da ya yi wa ganyen yawa sai ya auka wa iskar oksijin, ya mai da wani sashenta guba mai cin ganyen ta ciki, kamar tsatsa a jikin ƙarfe.

Nan ne wasu sinadarai da shukar ke ƙerawa da kanta suke tashi tsaye. Na farko, SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1969, shi ke juya gubar ta koma haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke miki da shi. Sai katalas ya karɓa, ya farfasa shi ya zama ruwa da oksijin. Ƙwaya ɗaya tak ta katalas tana farfasa miliyoyin ƙwayoyin feroksaid cikin daƙiƙa guda!

Wajen ƙera waɗannan sinadarai, shuka ba ta dogara da ƙwayar gado ɗaya. Ɗan tsiron nan Arabidopsis, da masana suka fi yin gwaji da shi, yana da uku na katalas kaɗai.

Kuna son gani da ido? Ku yanka ɗanyen dankalin Turawa, ku ɗiga masa ruwan wanke mikin, nan take zai yi kumfa. Dafaffe kuwa shiru, domin wuta ta kashe katalas ɗin.