Raba Manhaja ga Kwamfutoci Daga Wuri Guda

Tun 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta zalla, kuma duk wanda ya leƙa cibiyar jarrabawar ya ga na'urori jere fiye da ɗari biyu. Ma'aikacin da ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya da filas yana saka manhaja, sai ya kwana bai kai rabi ba. Ga shi filas ɗin nan ita ce babbar dillaliyar bairos.

Shi ya sa manyan ma'aikatu ke aikin daga uwar garke guda. Ana naɗe manhajar cikin ƙunshi tare da amsoshin duk tambayoyin da takan yi wa mai girka ta, don ta shiga shiru ba sai an danna komai ba. A kowace kwamfuta kuma akwai wani ɗan aike, ƙaramar manhaja da ke tuntuɓar uwar garken lokaci-lokaci: akwai saƙona? In akwai ya karɓa ya girka, ya mai da rahoto. Microsoft ya fito da irin wannan tsari a 1994 da sunan SMS, tsarin ya koma Configuration Manager a 2007, sannan ga Intune mai aiki ta intanet.

A ƙasarmu wahalar tana kan hanya. Jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 a tasha yake sauke kaya, daga nan jakuna da motoci su wuce da su Zurmi da Shinkafi. Haka ma a nan: ofishi mai rassa a garuruwan uku zai ajiye kwamfuta ɗaya a kowane reshe a matsayin tasha. Ita kaɗai ke jawo ƙunshin, galibi da dare, sauran su kwasa a wurinta ba tare da an ƙone data ba. Sai dai in layi ya yanke, kamar yadda aka rufe sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, ɗan aike ba ya jin kira, gyare-gyaren tsaro su taru suna jira.

Kuskure ma da irin wannan saurin yake yaɗuwa. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, aka koma bin na'urori da hannu. Gogaggen ma'aikaci kan fara tura ƙunshi ga kwamfuta biyar, ya bar su kwana biyu, kafin ya sakar wa sauran.