Kiwon murjani a gida: yadda ake zaɓen famfon da ke motsa ruwan akwati

Wanda ya san murjani a wuyan amarya kaɗai zai yi mamakin jin cewa dabba ne mai rai, kuma akwai masu kiwonsa a falo cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Abin sha'awa ne mai cin kuɗi, musamman a Afirka ta Yamma. Gaɓar tekun da ta taso daga Abijan ta bi Lome da Kwatano har Duwala ba ta da manyan tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya, inda Sanganeb ta Sudan ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Yawancin murjanin da ake sayarwa daga Indunusiya da Ostareliya yake fitowa, kuma mai ƙashin dutse daga cikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takarda yake tsallaka iyaka. Wanda ya sha wannan wahala ya shigo da shi, sau da yawa fitila da gishiri yake kashe wa kuɗi, ya bar famfo a ƙarshen lissafi. A nan asara take farawa.

Dalilin kuwa shi ne murjani ba ya tafiya. Inda aka dasa shi nan zai zauna. A teku igiyar ruwa ce ke kawo masa abinci da iskar oksijin, ita ce kuma ke wanke masa majinar da yake fitarwa da laka da ke sauka a kansa. Idan ruwa ya tsaya, siririn ruwan da ke manne da jikinsa ba ya sauyawa, sai dabbar ta zauna cikin dattin kanta. Fitila mai tsada ba ta gyara wannan.

Famfo iri biyu ne a irin wannan akwati, kuma masu farawa suna yawan haɗa su. Akwai wanda ke ɗaga ruwa daga tankin tacewa na ƙasa ya mayar da shi sama, wanda a kantunan Faransanci ake kira pompe de remontée. Aikinsa kai ruwa wurin tacewa ne. Na biyu shi ne pompe de brassage, wanda ake maƙalawa a jikin gilashi daga ciki, ba ya ɗaga ruwa ko'ina, kaɗa shi kawai yake yi. Shi ne ake magana a kansa a nan.

Lissafin farko mai sauƙi ne. A jikin kwali ana rubuta lita nawa famfon ke turawa a awa ɗaya. Masu kiwo suna auna wannan da girman akwati: murjani mai laushi yana wadatuwa idan an juya ruwan akwati sau 10 zuwa 20 a awa, mai ƙashi da manyan baki yana son kamar sau 20 zuwa 30, shi kuwa mai rassa irin Acropora, wanda a teku yake zama inda igiya ke dukan tsauni, sau 40 ko 50 ba su yi masa yawa ba. Akwati mai lita 300 na murjani mai laushi ke nan yana neman kusan lita 6,000 a awa. Idan Acropora ne, lita 15,000. Wannan ƙa'ida ce ta masu sana'a, ba doka ba, domin duwatsun da aka jera a ciki suna tare ruwa, kuma dogon akwati ba ɗaya yake da mai zurfi ba.

Amma lambar da ke kwali rabin labari ce. Yadda ruwan ke fitowa ya fi yawansa muhimmanci. Tsofaffin famfuna suna harba ruwa ta ƙaramin baki kamar tiyo. Murjanin da ke gaban irin wannan harbi yakan rufe bakinsa, wani lokaci ma naman jikinsa ya saluɓe ya bar farin ƙashi, alhali taku ɗaya daga gefe ruwan a kwance yake. Famfo mai farfela, irin wanda kamfanin Tunze na Jamus ya yi suna da shi, yana tura ruwa mai yawa a faɗaɗe kuma a hankali. Akwai kuma dogon famfo mai kama da sanda, irin Gyre na Maxspect, wanda ke shimfiɗa ruwa a saman akwati ya zagayo ta ƙasa. Ya fi dacewa da dogon akwati. Shi ya sa famfo biyu masu lita 3,000 da ke fuskantar juna sun fi ɗaya mai lita 6,000. Inda ruwansu ya haɗu sai ya rikice ya bi ko'ina, kamar yadda yake yi a teku. Kuma ranar da ɗaya ya mutu, ɗayan na nan.

Ana iya ganin sakamakon da ido. A saki ɗan abincin kifi a bi shi da kallo: inda ya je ya kwanta, nan ne ruwa ba ya kaiwa, kuma nan ne jan gansakuka mai yauƙi zai fara fitowa. Murjani mai dogayen hannuwa ya kamata ya riƙa rangaji, ba ya kwanta gefe ɗaya kamar gero a iskar hadari ba. Idan yashin ƙasa yana tashi yana tara tudu, a ɗaga famfon sama ko a rage masa ƙarfi.

Rage ƙarfin nan ne ya kawo maganar wuta, wadda ga mazauna wannan yanki ita ce babbar magana. Famfon AC ana sa shi a soket kai tsaye, gudunsa ɗaya ne, yana da araha. Sai dai wanda aka ƙera don Amurka na 120 V ne da 60 Hz, ƙasashen yankin kuwa 220 zuwa 230 V ne da 50 Hz. Wanda ɗan'uwa ya aiko masa da irin wannan ya sa a soket ba tare da duba kwali ba, ƙonewa zai yi. Famfon DC yana aiki da 12 ko 24 V ta hanyar adafta, yana da na'urar da ke rage masa gudu ko ta sa shi bugawa yana sassautawa kamar igiya. Abin da ya fi wannan duka, ana iya haɗa shi da batir.

Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa. Idan aka ɗauke wuta, murjani zai jure kwana ɗaya ko biyu babu fitila, amma akwati mai kifi da yawa da ruwansa ya tsaya cak zai iya fara asara cikin ƴan awoyi. Famfo mai cin wat 10 a kan batir mai 12 V da 20 Ah, a takarda awa 24 ke nan. A aikace a ɗauki rabin haka idan batirin dalma ne, don ba a son a zuƙe shi ƙarƙaf. A garin da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, wanda kuɗinsa bai kai ya sayi famfo mai tsada da batir tare ba, gara ya ɗauki mai sauƙin kuɗi irin Jebao na Sin ya haɗa da batir.

Zafi ma abin dubawa ne. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, idan ya daɗe sama da haka sai ya kori ƙananan tsiran da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, ya koma fari. Duk wat ɗin da famfon cikin ruwa ya ci, zafi yake komawa a cikin ruwan. VorTech na kamfanin EcoTech Marine na Amurka ya bar injinsa a wajen gilashi, maganaɗisu ke juya farfelar daga ciki, don haka zafin injin a ɗaki yake tsayawa. Yana da tsada sosai, kuma famfunan farfela na yau ba su cin wuta da yawa, saboda haka wannan kaɗai bai isa dalilin saye ba sai ga ƙaramin akwati a ɗaki mai zafi.

Kafin a biya kuɗi a auna kaurin gilashi, domin kowane maganaɗisu da iyakar kaurin da yake riƙewa, kuma famfon da ya zame ya faɗa yashi zai turnuƙe akwatin cikin dare. A tambayi mai kanti ko ana samun farfela da adafta daban, don su ne ke fara lalacewa. Farar ƙasa tana taruwa a jikin farfela ta rage mata gudu. A ciro famfon duk bayan wata biyu ko uku a jiƙa shi cikin ruwan khal, a goge, a ɗauraye da ruwan daɗi. A lokacin ne kuma ake duba robar da ta rufe maganaɗisun: idan ta tsage ko ta kumbura, tsatsa na shiga ruwa, sai a canza shi nan take.